Ranar da Jirgi Ya Yi wa Gaggafa Aski

Idan Rasha ba ta kawo mana hari ba har yau, kada ku gode wa soja. Ku gode wa ɗan kawuna, Delbert Haskew, Gaggafan Kalifoniya, wanda tarinsa kaɗai ke hana Mosko barci.

A masana'antar jirage ta bayan gari yake aiki, inda aka daina ƙera masu farfela aka koma masu injin jet da makamai masu linzami. Ainihin aikinsa shi ne zama a bayan wata 'yar taga yana miƙa wa ma'aikata kusoshi. Amma kul ka tambaye shi. Sai ya waiga hagu da dama, ya rage murya, ya ce, "Sirrin ƙasa ne, ƙanena. In na gaya maka, gobe ba za a gan ka ba."

Ranar Lahadi muna gasa nama a bayan gidansu, in jirgi ya keta sama har gilasai suka girgiza, sai ya ɗaga kwalbar lemo ya ce, "Nawa ne wancan. Na ji muryar kusata." Rular lissafi irin ta injiniyoyi kuwa kullum tana aljihunsa. Ba ta taɓa lissafa komai ba, amma ta iya sosa baya.

Burinsa ɗaya a duniya: a ba shi shugaban sashe, ya rataya farin bajo, ya ci abinci a ɗakin manya inda ake shimfiɗa ƙyalle a tebur. An kuwa sa sunansa cikin masu nema, domin wanda ya fi shi cancanta ya karya ƙafa.

Sai ga ranar da wani janar ya zo ganin gwajin sabon jirgi, aka gayyato iyalan ma'aikata. Gaggafa ya sha farar riga da siririn lakataye, ya maƙale a kafaɗar janar tamkar kaska.

A gaban jirgin an ja jan layi a ƙasa. Injin jet ba farfela ba ne, zuƙa yake kamar maye, komai ya samu haɗiyewa yake. Aka tayar da shi. Gaggafa ya tsallake layin don janar ya gan shi da kyau.

Wani makaniki ya ƙwala masa kira, "Kai Del! Dawo baya, uban 'yan iyawa!"

Gaggafa ya ɗaga hannu cikin isa, ya dubi janar. "Yallaɓai, rabu da su. Jirgin nan ya san ni. Ni na raine shi tun yana kusa guda!"

Jirgin kuwa ya nuna ya san shi. Lakatayen ya miƙe ya nuna bakin injin. Sai muka ga sumar Gaggafa, baƙa wuluk mai sheƙi, ashe ta kanti ce, ta ɗaga gaba ɗayanta kamar murfin tukunya, ta yi sallama, ta shige. Injin ya yi tari, ya yi gyatsa, ya fesa hayaƙi mai ƙaurin babbakar akuya, ya mutu.

Rana ta daki sanƙo, janar ya kare ido da hannu.

Matar Gaggafa, Loretta, ta dafe ƙirji. "Delbert! Ashe duk man gashin da nake sayowa, tabarma nake shafa wa?"

Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Aka kwance injin kaf ana tsintar gashi. Farin bajo ya tafi wurin mai karyayyar ƙafa, Gaggafa ya koma tagarsa da hula har kunne.

To, al'adar matuƙa jiragen yaƙi ce, duk jirgin abokan gaba da suka kakkaɓo, sai a zana 'yar tuta a ƙarƙashin tagar matuƙi. Makanikai suka ce doka ba ta san ɗan gida ba. Suka samo baƙin fenti suka zana 'yar suma a jikin jirgin, har da tsagarta ta gefe.

Har aka daina yayin jirgin nan bai taɓa zuwa yaƙi ba. Mutum ɗaya tak ya taɓa kakkaɓowa a rayuwarsa, shi ma ɗan kawuna ne.