Rasuwar Gwaggo, Mai Son Rarrashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farata da har yanzu baƙin mai bai fita daga cikinsu ba, tsohon hedimasta da iyalansa ke sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motarsa, wadda kowa ya sani da Gwaggo. Ta rasu ranar Talata da hantsi a ƙofar gida, tana da shekara arba'in da ɗaya, bayan doguwar jinyar da aka kasa gano kanta.

Marigayiya mai haƙuri ce da rufin asiri. Sau uku tana kai uwargida asibiti cikin naƙuda, ba ta taɓa tsayawa a hanya ba. Allurar da ke nuna yawan man da ke tankinta ta tsaya a rabi shekara goma, don ba ta son tayar wa kowa hankali. Ƙofarta ta baya ba ta buɗuwa sai daga waje, da haka ta koya wa fasinjoji da yawa ladabi. Maƙwabta ba za su manta gaisuwarta ta safe ba: kir-kir-kir, tuf, tuf, sannan ta gyara murya.

Ciwon ajalinta na wuta ne, mai zuwa ya tafi. Ana cikin tafiya sai fitilu su lumshe, rediyo ya haɗiye maganarsa, ta mutu murus. A murɗa makulli, sai dai a ji ƙat. Amma da zarar an kai ta gaban mai gyaran wuta, sai ta tashi garau kamar mara lafiyan da ya ga allura. An sake mata batir sau biyu, an sake fis, an kankare kan batir har ya yi ƙyalli. Masu gyara huɗu ne suka duba ta, kowanne ya zagi aikin na baya, ya rantse ya gama da matsalar.

Hedimasta kaɗai ya san maganinta. Idan ta mutu, yakan fito a natse, ya dafa kafaɗarta ta hagu, ya ɗan bubbuga, ya yi mata magana ƙasa-ƙasa, ya tuna mata inda suka fito. Da ya koma ya murɗa makulli sai ta tashi. Duk mai gyaran da ya tambaye shi abin da yake yi idan ta tsaya, sai ya ce jira kawai yake yi. Mutumin da ya yi shekara talatin yara na rawar jiki in ya yi gyaran murya ba zai faɗa wa kowa cewa yana lallashin ƙarfe ba.

'Ya'yansa sun daɗe da sa mata ido. Babban ɗan ya yanke hukunci: idan ta sake mutuwa sau ɗaya, shi ke nan, kuma Baba ya gama tuƙi, domin idonsa ya yi rauni, ba wanda zai damƙa masa makullin wata motar. Hedimasta ya san abin da hakan ke nufi. Gwaggo ce ke kai shi wurin tsofaffin abokan aikinsa ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Ranar Talatar ɗan ya shiga gaba ya zauna, wai yana so ya ji lafiyarta da kunnensa. Hedimasta ya murɗa makulli. Ƙat. Ya sake. Ƙat. Hannunsa ya kai ga marfin ƙofa, sai ya dubi yaron da shi ya koya wa ɗaura igiyar takalmi, yana zaune yana kallonsa, ya janye hannun. Kunya ta hana shi fita. Daga ƙarshe ɗan ya ciro waya ya kira mai sayen tsofaffin ƙarafa.

Sakamakon binciken gawa ya fito jiya, bayan an riga an sauke injin an yanyanke wayoyi. Ashe wayar da ke haɗa batir da jikin mota ce ƙusarta ta kwance, daidai ƙarƙashin wurin da hedimasta yake dafawa. Bubbugawar ce ke mayar da ita mazauninta. Mai ƙarafan ya ce aikin minti biyu ne da sifana. Hedimasta ya ce ya ji, amma shi dai ya san maganar ma tana ji.

Ta rasu ta bar tayar safaya ɗaya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da jak, da tsohon kwanon da ke tarar ɗigon manta, da kyanwar da ke kwana a ƙarƙashinta, da maƙwabta huɗu masu ciwon baya sanadin turi.

Za a ɗauki abin da ya rage na gangar jikinta gobe da ƙarfe goma na safe, a bayan motar ɗaukar kaya. Ana roƙon masu gyaran nan huɗu kada su wahalar da kansu da zuwa. Masu ta'aziyya kuma ba sai sun kira waya sun tambaya ko hedimasta yana nan ba. Yana gida, a kujerar bakin taga. Daga yanzu duk lokacin da aka zo, nan za a same shi.