Ranar da Baba ya ce in gwada ɗayan

Ba zan taɓa mantawa da wannan Laraba ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga Legas ba, inda na yi shekara biyu ina aiki a wata cibiyar adana bayanai (gaskiyar magana, jan waya da ɗaure ta ne rabin aikina, amma a Maska ba wanda ya san haka). Sai wata ƙungiyar manoma a Funtua ta ɗauke ni in haɗa mata ƙaramar cibiya tata. Sunan kowane manomi, hotonsa, girman gonarsa da irin masarar da za a ba shi, duk a wuri ɗaya.

Ga yadda abin yake, don kada in bar ku a baya. Akwai na'urorin da bayanai ke kwance a ciki, su ne rumbun. Akwai kwamfutocin ma'aikata. Tsakaninsu akwai wani akwati mai ramuka da yawa da ake kira suwici, shi ke nuna wa kowane saƙo hanyar da zai bi. Ni kuwa na ce ba ma buƙatar wasu wayoyi na musamman, wayar Etanet da ake soka wa kwamfuta a kowane ofis ta isa. Na sa aka kawo suwici biyu, na ɗora musu buɗaɗɗiyar manhaja, irin wadda masu sa kai a duniya suke rubutawa, kowa ya ɗauka ya duba cikinta ya gyara. Mako uku na yi ina koya wa akwatunan nan hanya, layi bayan layi.

Kuma na cika baki, ba kaɗan ba. Na ce wa shugaban ƙungiyar, Alhaji Mamman, "Alhaji, daga yau babu kamfanin da zai riƙe mana wuya. Mu ne da kanmu."

Aka sa ranar buɗewa ta dace da ranar rabon iri. Ruwan shuka ya sauka ranar Litinin, ƙasa na da danshi, kowa na so ya zuba iri kafin ta bushe. Tun da safe manoma suka cika harabar, daga Gozaki, daga Danja, babura kamar ranar kasuwa. Mahaifina ma ya zo daga Maska da babbar rigarsa ta Juma'a, wai ya zo ya ga abin da ya hana ni noma.

Bayan addu'a, manyan baƙi suka cire takalma suka shiga ɗakin sanyi inda na'urorin suke. Na gyara hula. Na yi bayani da Hausa ina yayyafa Turanci a kai kamar yaji. Na ce hanya biyu ce zuwa rumbu, in ɗaya ta mutu ɗaya za ta ɗauki kaya, ba wanda zai ma sani. Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.

Amma sai na ce, "Bari ku gani da idonku."

Na miƙa hannu na zare wutar suwici na farko. Fitilunsa suka mutu. Aka juya wajen kwamfutar sakatariya, Hajiya Rabi. Ta danna sunan wani manomi, sai ga hotonsa ya fito yana murmushi. Ɗaki ya ɗauki kabbara da tafi. Alhaji Mamman ya dafa kafaɗata. Wallahi a lokacin na ji ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na mayar da wutar, fitilu suka dawo suna ƙiftawa.

Sai Baba ya yi gyaran murya daga baya.

"To, Injiniya," ya ce (ranar ya fara kira na haka, kuma ba yabo ba ne), "mu dai in za mu sayi shanun huɗa, ba ma gwada ɗaya mu ce an gama. Ɗayan fa?"

Aka yi dariya. Na yi murmushin wanda ya san duniya, na ce, "Baba, ai duk ɗaya ne." Na zare wutar na biyu.

Hajiya Rabi ta danna. Shiru. Ta sake dannawa. Wani ɗan da'ira ya shiga juyawa a tsakiyar allo, kuma na rantse muku har yau nakan gan shi in na rufe ido.

Nan take na gane abin da na yi. Shi suwici, duk abin da ka koya masa a ka yake riƙe shi, sai ka ba shi umarni guda ɗaya tak ya adana. In ba ka yi ba, da an ɗauke masa wuta ya manta komai. Ni kuwa, tun da muka sa batir da sola wuta ba ta taɓa yankewa ba, ban taɓa ba da wannan umarni ba. Na farko ya dawo kansa wayam. Na biyu, wanda shi kaɗai ya rage da sanin hanya, yanzu na kashe shi da hannuna. Aikin mako uku na share a gaban jama'a, har da tafi.

"Lafiya dai?" in ji Alhaji Mamman.

"Lafiya lau, Alhaji. Bayanan suna nan, ba abin da ya same su. Hanyar zuwa wurinsu ce ta... ɗan ɓace."

"To a kira kamfanin mana."

"Ai Alhaji... babu kamfani."

"Au, haka ne," ya ce a hankali. "Mu ne da kanmu."

Na zauna a ƙasa da kwamfuta a cinya, gumi na zuba a ɗakin da ke da na'urar sanyaya iska biyu. Na rubuta wa zauren masu manhajar na intanet neman agaji. Wani bawan Allah daga wata ƙasa mai nisa ya amsa da tambaya ɗaya: "Ka adana kuwa?" Na rufe zauren, na shiga sake koya wa suwici hanya daga farko.

A waje kuma rana na yi. Ba a iya raba iri ba tare da an ga sunan kowa da abin da aka tsara masa ba. Har azahar ina fama, har la'asar. Wani dattijo daga Gozaki ya leƙo ta taga ya ce, "Ɗana, ba faɗa na zo yi ba. Ƙasar ce dai ba ta jira." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, don na san hanyar da ya biyo, kuma na san zai koma hannu rabbana.

Sai dab da magariba hanya ta buɗe, bayan yawancin mutane sun tafi. Washegari da jibi ni na ɗaura buhunan iri a bayan babur, ƙauye ƙauye, ina sallama ina ba da haƙuri. Baba ne ya yi mini jagora a nasa babur, don shi ya san gidajen. Allah ya taimake ni aka sake yin ruwa ranar Juma'a, kowa ya yi shuka.

Sai da muka sauke buhu na ƙarshe a Gozaki, Baba ya tsaya ya shafa ɗinkin bakin buhun da yatsa, ya ce, "Ka ga wannan? Ko wanda bai je Legas ba, in ya cika buhu yakan ɗinke."

Yanzu in na canza ko da harafi ɗaya ne a suwici, sai na adana sau uku, na kwafe a wuri biyu. Na kuma koyi cewa in aka tafa maka sau ɗaya, ka mayar da hannunka aljihu. Sunan dai ya bi ni. Har yau in na shiga kasuwar Funtua, sai wani ya ɗaga murya daga rumfa: "Injiniya! Ɗayan fa?"