Fankar da Ba Ta San Sannu Ba

Jiya da hantsi ina cikin layin mai, rana ta fito da niyyar gasa kowa, sai na ce bari in ɗan kunna fankar mota. Na murɗa zuwa ɗaya, shiru. Biyu, shiru. Uku, ko gashin gira bai motsa ba. Ina kaiwa huɗu ta taso da gurnani, ta tuɓe min hula ta jefa kujerar baya. Direban motar da ke gefena ya leƙo ya tambaya ko jirgin sama na sayo.

Maƙwabcina, Tsohon Akawu, yana zaune a kujerar gaba. Shi mutum ne da ya yi ritaya daga aikin gwamnati amma bai yi ritaya daga kare ta ba. A wurinsa wannan ba layin mai ba ne, jama'a ne suka yi arzikin motoci. Ya dafe tasa hular da hannu biyu ya ce, "Ka gode wa Allah, maƙwabci. Wasu ko huɗun ba su da ita."

Da don ni kaɗai ne, da na ci gaba da godiya. To amma washegari da safe ni zan ɗauko surukina daga asibiti. An yi masa aikin ido ɗaya, bayan dogon jiran na'urar da Masu Girma suka ƙaddamar tun tana cikin kwali. Likita ya ja kunnenmu: kada iska ta bugi idon, kada ƙura ta shiga. In na rufe gilashi na kashe fanka, na dafa dattijo. In na buɗe gilashi, ga titinmu. In na kunna huɗu, bandejin ma sai an nemo shi a but, can bayan mota.

Uwargida ta riga ta faɗa min tun a gida, ba da wasa ba. "Baban yara, Baba ya daɗe bai ga fuskar jikokinsa da kyau ba. In idon nan ya lalace a cikin motarka, ban san da bakin da zan kare ka ba." Baba dama bai taɓa yarda da motata ba, kwano yake kiranta. Ni ma, in za a faɗi gaskiya, da kyar ya yarda da ni.

Don haka muna samun ɗan abin da muka samu a tanki, na wuce wurin mai wayarin ɗinmu, wanda kowa ke kira Fiyus. Ban gama bayani ba ya ɗaga min hannu.

"Oga, a huɗu kawai take yi?"

"A huɗu kawai. Kuma kamar da faɗa."

"To fankarka lafiya lau, fiyus ma lafiya lau. Da ɗayansu ya mutu, ko huɗun ba za ka gani ba. Rizista ce ta ƙone."

Na ce ya yi min da Hausa. Ya ce wata 'yar aba ce da ke tare wuta tana rage mata ƙarfi, don fanka ta juya a hankali. Ɗaya da biyu da uku duk ta cikinta suke bi. Huɗu kuwa hanyarta daban, kai tsaye take wucewa, ba mai tambayarta ina za ta.

Nan na gane ashe na daɗe da sanin wannan cutar. Haka Ranka Ya Daɗe, wakilin unguwarmu, yake aiki. A kira shi kan famfo, shiru. Kan kwata, shiru. Kan fitilar titi, ko tari. Amma zaɓe na matsowa sai ya taso a lamba huɗu, da jiniya da lasifika, ya kwashe mana huluna. Na faɗi haka a fili, Tsohon Akawu ya ce aikin gwamnati ba a yin sa da garaje.

Fiyus ya kori Akawu daga kujera, ya kwashe tarkacen da ke cikin ɗan akwatin gaban fasinja, ya matse gefensa biyu ya sauke shi ƙasa. Sai ya kwanta rigingine, kai a ƙarƙashin dashbod, ƙafafu a waje, yana zagin wanda ya ƙera motar da cewa tabbas hannun jariri gare shi. Ya zare soket, ya kwance sukurori biyu, ɗaya ya faɗi ya ɓuya a ƙarƙashin kafet muka yi ta lalube. Can ya miƙo min wata 'yar faranti da ba ta kai tafin hannu ba, gefenta ya yi baƙi, tana warin ƙonannen roba.

"Wannan ce ta cire min hula?"

"Ita ce. Amma ba haka kawai take ƙonewa ba. A cikin bututun iska take zama, iskar ce ke sanyaya ta. In iska ba ta wucewa sosai, sai ta gasu. Bari in ga matatar iska."

Ya cusa hannu ta bayan akwatin, inda murfin matatar ya karye tun zamanin mai motar na farko. Ya yi ta jan wani abu, har ya fito da shi. Mafici ne na roba, sirara, irin wanda aka raba lokacin kamfe. Ya sulale ta bayan akwati ya kwanta a bakin matatar ya toshe rabinta. A jikinsa ga Ranka Ya Daɗe yana murmushi, ƙura ta yi masa gemu.

Na juya na kalli Akawu, don ni ban taɓa karɓar mafici a hannun kowa ba.

"Ni na ajiye shi," in ji shi, ko kunya babu. "Na ce ko za ka buƙata wata rana. Ka ga dai bawan Allahn nan, har cikin motarka ya shigo yana maka hidima."

"Hidimar ce ta ƙona min rizista, Akawu."

"To ai ba shi ya ce a sa shi a can ba."

A shagon kayan gyara aka zube mana iri uku. Mai shago ya ce akwai ta asali, akwai ƙanwar ta asali, akwai kuma wadda ake sawa a yi addu'a. Dukkansu da tambarin masu duba inganci, ɗan zagaye mai sheƙi. Ina jinjina wa waɗannan bayin Allah, ba sa nuna bambanci, kowa suna ba shi shaida. Fiyus ya jujjuya su, ya gwada bakin soket da tsohuwar, ya zaɓi mai nauyi. Ya ɗaura, ya kakkaɓe matatar, ya ce in murɗa.

Ɗaya. Wata iska ta fito a hankali, mai ladabi, kamar an aiko ta da gaisuwa. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Yau da safe na ɗauko Baba. Muka kwantar masa da kujera, na rufe gilasai ruf, na juya iskar zuwa ƙafafunsa, na sa ɗaya. Uwargida tana baya ta riƙe ledar magani, idonta a ƙeyata. Ina bin ramukan titi ɗaya bayan ɗaya kamar mai ɗauke da ƙwai.

Muna tsakiyar hanya aka tsayar da kowa. Jiniya ta taso, ayarin motoci baƙaƙe ya keto a guje, ya tashi ƙurar da ta rufe rana. Masu babur suna tari, masu shaguna suna rufe kaya, wata mata ta lulluɓe jaririnta da mayafi. Tsakuwa tana ta bugun gilashina. Na riƙe sitiyari ina kallon bandejin Baba. Ko gefensa bai ɗaga ba, kuma ko ƙwayar ƙura ba ta shigo ba.

Baba ya gyara kwanciya ya ce, "Yaro, ashe kwanon nan naka yana da hankali." Tun da na auri 'yarsa ban taɓa samun yabo irin wannan ba. Ta madubi na ga uwargida ta sauke ajiyar zuciya.

"Su waye suka wuce?" in ji Baba.

"Mai Girma ne, Baba. An ce ya zo duba titin nan."

"Ya gan shi?"

"Anya kuwa. Gilashinsa baƙi ne, kuma gudu suke yi."

Baba ya shafa gefen bandejinsa a hankali. Sannan ya ce, "Allah sarki. In ka san wani na kusa da shi, ka yi masa kwatancen likitana. Hannunsa na da kyau."

Na yi masa alkawari zan isar. Sai dai ina tausaya wa Mai Girma, don zai bi layi kafin a kai kansa.