Rasuwar Mai Tsage, Wayar da Ta Sayi Jirgin Ruwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Ɗayyabu Abdulwahidu, ɗalibin digiri na uku a fannin ƙasar noma, mazaunin hawa na goma sha huɗu a unguwar Setapak, nake sanar da 'yan uwa mazauna Kuala Lumpur da kewaye rasuwar wayata, wadda aka fi sani da Mai Tsage. Ta rasu ranar Litinin da misalin ƙarfe uku na rana a tashar jiragen ruwa ta Port Klang, bayan shekara biyar da wata biyu tana hidima a hannuna. Ba za mu ce Allah ya ji ƙanta ba, domin ita ba ta da hisabi. Mai hisabin yana nan da ransa, shi ne yake rubuta wannan sanarwa.

An sayi marigayiya a Kano, sati guda kafin tasowarmu. Ta sami laƙabinta ne a shekararmu ta farko a nan, ranar da 'yata Hanan ta sake ta a kan matattakalar tashar jirgin ƙasa, gilashinta ya tsage daga goshi har kumatun hagu, ta zama kamar 'yar gidan da ake yi wa zane. Ba ta taɓa kukan wannan tabo ba. Ita ke tashe mu asuba. Ita ke kira mana motar haya in tawa ta ƙi tashi, ita ke yi mini tafinta a gaban mai gidan hayarmu, wanda in maganar gyaran famfo ta taso sai Turancinsa ya ɓace. Tana da haƙuri, tana da riƙon sirri. Wannan hali na ƙarshe shi ne ya kai mu inda muke yau, don haka dole a yi bayaninsa ko da sanarwar za ta yi tsawo.

Waɗanda suka san mahaifina, Alhaji Abdulwahidu mai motocin haya, sun san cewa shekara arba'in ke nan motocinsa suna zirga-zirga tsakanin Kano da Legas. Sun kuma san labarin direbansa da ya ɓoye katan shida na giya a ƙarƙashin buhunan albasa. Alhaji da kansa ya bi motar har Jebba, ya sa aka sauke katan ɗin a bakin titi, ya karɓi makullinsa, ya tuƙo motar ya bar direban a tsaye. Direban nan ɗan ƙanwarsa ne. Yau shekara goma sha tara, gaisuwa kawai ke haɗa su.

Bara waccan Alhaji ya sayar da motoci biyu, ya turo mini kuɗin, ya ce in duba masa harkar sufuri ta wannan ƙasa in zuba a ciki, tunda hanyar Legas ta fara cin gumin mutum. Ni abin da na sani shi ne taki da jar ƙasa. Sai na kai maganar wajen abokina Nasir, muna zaune a mamak ɗin ƙasan gidanmu, wato shagon shayin nan da ba a rufewa. Nasir ya karɓi marigayiya, ya buɗe mata manhajar sayen hannun jari, ya nuna mini hoton wani farin jirgin ruwa mai hawa goma sha biyar, na wani kamfanin yawon shaƙatawa da ba za a ambaci sunansa a nan ba.

"Guy, tun da aka gama zaman annoba mutane sun gaji da gida," in ji shi. "Wannan jirgin always full ne. Sai ka yi booking wata uku kafin lokaci. Saya kawai lah, kada ka tsaya dogon tunani."

Ban tsaya ba. Da yatsana na danna fuskar marigayiya, ita kuma ta yi biyayya. Daga ranar ta koyi wani sabon kuka, wanda masu zama kusa da ni a ɗakin karatu ba za su manta ba: duk sa'ar da farashin hannun jarin ya motsa sai ta yi fuuum, irin na jirgi mai barin tasha.

Alhaji ya yi mini tambayoyin da kowane mai mota zai yi. Kujera nawa? Na ce mutum dubu uku. Yana cika? Na ce har rububi ake yi. Sai ya ce, "Daga ina zuwa ina?" Na ce yana tashi daga Port Klang, ya zaga teku kwana biyu ko uku, ya dawo da su Port Klang. Sai ya sake jefo tambaya.

"To me suke biya, in ba a kai su ko'ina ba?"

"Iska suke sha, Baba."

"Allah ɗaya, gari bamban," in ji shi. "Mota dai in tana cika ba ta cin amana."

Da kamfanin ya raba ribar farko na tura masa. Shi bai san wata kalma wai riba ta hannun jari ba, balas yake ce mata, kamar wanda direba ke kawowa da yamma. Kuma al'adarsa ce, balas ɗin farko na kowace sabuwar mota ba ya shiga aljihunsa. Wannan karon dardumomi ya saya, koraye masu layi, ya shimfiɗe masallacin unguwarmu tun daga sahun farko har ƙofa. Marigayiya ce ta kawo mini hoton, ga Alhaji a tsaye kusa da liman, babu takalmi, yana murmushin da ban cika gani a fuskarsa ba. Tun daga nan duk tashar mota ta san Ɗayyabu ya saya wa ubansa jirgin ruwa. Na yi ƙoƙarin bayyana cewa rabonmu a jirgin bai fi ƙofar banɗaki ɗaya ba, amma magana ta riga ta fita.

Sati biyu da suka wuce marigayiya ta yi ƙirrr, kukan da na keɓe wa Alhaji shi kaɗai. Ya ce ya sami biza, zai sauka ranar Juma'ar wannan makon da muke ciki, wato jibi. Ya ce shi bai taɓa mallakar abin hawa bai kwanta a ƙarƙashinsa ya duba ba, wannan kuwa tunda ba a shiga ƙarƙashinsa, zai shiga cikinsa hawa-hawa. Sai a lokacin na tuna ni ma ban taɓa ganin jirgin da idona ba. Da na ji kamfanin na buɗe jirgin ga masu hannun jari ranar Litinin, na rubuta sunana, na ce in riga Alhaji gani.

Nan ne ajali ya kira marigayiya.

Jirgin ya fi hotonsa kyau, wannan ba a ƙaryata shi. Wata budurwa mai farin kaya ta yi mana jagora, ta nuna mana ɗakunan kwana da wajen cin abinci da gidan wasan yara, ina ta ɗaukar hoto ina jin daɗi. A hawa na shida ta tura wata ƙofa mai faɗi. Injinan caca ne jere iya ganin ido, fitilunsu na walƙiya, ga tebura an lulluɓe da mayafi. Ta ce a tasha ba a taɓa su, sai jirgi ya yi nisa da gaɓa ake yaye mayafin. Sannan ta juyo gare mu da fara'a, a matsayinmu na masu jirgi, ta ce kada mu damu da arahar tikiti, tikiti don a cika jirgi ne kawai, wannan ɗaki da mashayun da ke sama su ne ke ciyar da mu. Wani dattijo a gefena ya tafa mata. Ni kuwa a tsaye na sami amsar tambayar Alhaji, ta abin da suke biya in ba a kai su ko'ina ba. Kuma abin da ya faɗo mini a rai ba kuɗin motoci biyu ba ne. Koriyar dardumar nan ce, da goshin mutanen unguwarmu a kanta sau biyar a rana.

Ban san yadda ƙafata ta kai ni hawan sama ba. Na tsaya a bakin tafkin wanka, bayana mashaya ce mai kwalabe har rufi, gabana mutane ne da ba su sa kayan kirki ba. Ƙarfe uku a nan, takwas na safe ke nan a Kano, lokacin da Alhaji ke gama karin kumallo ya tuna da 'ya'yansa. Marigayiya ta yi ƙirrr. Kiran bidiyo ne. Na juya hagu, kwalabe. Na juya dama, abin ya fi muni. Ta sake yin ƙirrr, fuskar Alhaji na haskawa a ƙarƙashin tsagen, sai kuma ga ta cikin ruwa tana nitsewa, tana ƙara kuka ɗaya a ƙasa wanda bai fito sosai ba.

An tsamo ta aka garzaya da ita gida, aka kwantar da ita cikin buhun shinkafa kamar yadda aka saba yi wa irin waɗannan majinyata. Ta kwana ba ta motsa ba. Jiya Talata na kai ta wajen wani mai gyara a unguwar Brickfields. Ya buɗe bayanta, ya hura, ya haska, ya ce, "Boleh, boss. Two hour." Wato za ta tashi, awa biyu kawai. Na ce zan yi shawara da iyali, na maido ta aljihu na fito.

Uwargida Hafsatu ce ta gano wannan, don takardar mai gyaran ta faɗo daga rigata. Ta karanta ta ajiye a kan tebur, ta tura Hanan ɗaki.

"Abban Hanan, wayar nan zamewa ta yi ko sakinta ka yi?"

Na ce ana kan bincike.

"Sau huɗu Baba ya kira ni. Sau huɗu ina ce masa wayarka ta faɗa ruwa. Ba ƙarya ba ce, amma na biyar ba zan iya ba."

Sai na gaya mata abin da ke hawa na shida. Ita kuwa tambaya ta yi: ashe ba a cikin manhajar nan ake sa wata 'yar alama kusa da kamfanonin da malaman ƙasar nan suka tantace suka ce halal ne ba? Matan makarantar Islamiyyarsu ta ranar Asabar ma sun san da ita. Na ce tsagen gilashin ne ya bi ta wajen ya rufe. Ta ɗauki gawar, ta juya ta a haske.

"Tsagen yana hagu. Alamar a dama take fitowa."

Tunda haka ne, bari in wanke marigayiya a bainar jama'a, kada a binne ta da laifin wani. Ba ta ɓoye mini komai ba, ni ne ban duba ba, domin kibiyar farashi a manhajar tana kore, alamar riba, kuma Alhaji yana murmushi. Ba kuma zamewa ta yi ba. Ni na buɗe hannuna. Ina jin tsoron mahaifina, ina da shekara talatin da bakwai da 'ya ɗaya da rabin digiri na uku, kuma ba duka nake tsoro ba. Gaisuwa nake tsoro, irin wadda ta rage tsakaninsa da ɗan ƙanwarsa.

Nasir ya zo ta'aziyya da shawara. Ya ce a sa layina a wayar Hafsatu, a sayar da hannun jarin yau, in Alhaji ya sauka a ce jirgin ya tafi gyara Singapore, a kai shi ya ga dogayen benaye ya koma gida da alawa. Na yi awa guda ina son wannan shawara. Amma dukiyar ta Alhaji ce, na saya ban duba ba, ba zan kuma sayar ban faɗa ba. Ko an sayar ma, darduma tana nan a shimfiɗe, kuma shi ne zai san yadda zai tunkari liman.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai lanƙwasasshen wuya, da rigar roba da ta yi rawaya, da abin sauraro mai kunne ɗaya. Ta bar hotuna arba'in da biyu na kyawawan sassan jirgin, waɗanda na ɗauka don in nuna wa Alhaji, kuma gara da suka tafi tare da ita. Ta bar Hanan, wadda har yanzu take tambaya da Turanci yaushe za a tashe ta daga barci. Ta bar ni.

Za a yi jana'iza jibi Juma'a da ƙarfe goma na safe, a zauren tarbar baƙi na filin jirgin sama, da zarar Alhaji ya fito da jakarsa. Ba za a kai marigayiya wajen mai gyara kafin nan ba. Zan tafi da ita a aljihu yadda take, don kada in sami hoton da zan nuna ko kiran da zan fake da shi, sai bakina kawai. Zan gaya masa a nan, kafin ya zauna, kafin ya sha ruwan gidana. Ba a buƙatar taro, ba a karɓar gudummawar sabuwar waya, kuma ana roƙon Nasir ya yi zamansa a gida.

Abu ɗaya iyalan marigayiya ke nema. Duk ɗan uwan da ke da mota mai tsabta, kuma ba shi da darasi ranar Juma'a da safe, ya taimaka ya biyo mu filin jirgin, ya tsaya daga nesa da makullinsa a hannu. Hafsatu ta gyara wa Alhaji ɗaki, ta kuma yi masa miyar kuka. Sai dai daga filin jirgi zuwa Setapak tafiyar awa guda ce, kuma ban sani ba ko zai yarda ya shiga motata.