Delu Mai Kifi da Delu Maras Kifi

"Lahiya lau, sai hayaƙi. Kai kuma mi ya jeho ka, miji maras cefane?"

Delu ba ta ko ɗago kai daga bandar kifinta ba. Jikanta Zulkiflu ya tsuguna gefe, ya dire gorar zoɓo da kofi da lemun tsami biyu. Wata uku ke nan yana koyon aikin malanta a wata sakandare a Wara, kuma gobe malamar da ke duba shi za ta dawo karo na ƙarshe. Zuwanta na farko ta fita daga ajin tana girgiza kai, ta ce shi da ɗalibansa duk hadda suke yi. In ta sake girgiza kan nan, maimaita shekara ya kama shi. Ɗakin gwajin makarantar kuwa ba komai a ciki sai gidan zanzaro. Tsoro ya cika masa ciki, amma ai ba Delu zai nuna wa ba.

"Kanwa nika so, amarya. 'Yar kaɗan."

"Amarya ta, amma ko allura ba ka taɓa sawo min ba. Rowa ta kumbura maka ciki ko?"

"Kimiyya za ni yi. Ke da haƙori huɗu, ina ruwanki da kimiyya?"

"Huɗun ga sun tauna kihin da ubanka bai taɓa gani ba."

Da ƙyar ta ɓantaro masa abin da bai kai ƙwayar wake ba. Ya zuba zoɓo a kofi, ya jefa kanwar ya motsa, jan ya rine ya yi duhu-duhu. Ya matsa lemun tsami, jan ya dawo. Sai ya dube ta yana jiran ta yi salati.

"Shi ke nan?" ta ce. "Shekara sittin ina ganin wanga cikin tukunya, ba wanda ya ce min malama."

"Ba ki san dalili ba ai. Lemun tsami asid ne, yana ba da wani ɗan mitsitsin abu, furoton. Kanwa kuwa bes ce, karɓa take yi."

"Mai badawa da mai amsa. Ni da kai ke nan."

"Ji tsohuwa! To ga inda yara ke ruɗewa. Kowane asid yana da abokin gami, bes. Da na ce su nuna abokin gamin lemu, sai su nuna kanwa."

"To ba ita ba ta?"

"A'a. Shi ne abin da ya rage na asid ɗin bayan an cire... wato in ka ɗauki tsarin sinadarin ka rage..."

Ya yi ta wato-wato har ya ji kansa. Haka dai ya yi a gaban malamar, haka kuma yara suka zuba masa ido kamar yana yaren Sin.

"Dakata, kada ka ƙone min kihi da surutu." Delu ta zaro tarwaɗa ɗaya daga banda ta riƙe. "Wa ka gani?"

"Tsohuwa mai rowa da kifi a hannu."

Ta danƙa masa ita. "Yanzu hwa?"

"Tsohuwa mai rowa, hannu wofi."

"Wata tsohuwa ta daban?"

"Ina! Wa zai iya da irinki biyu? Ke ce dai."

"To, shashasha. Delu mai kihi da Delu maras kihi, su na abokan gami, kihi guda ya raba su. Kai baƙo na, hannu kawai ka miƙo. Kuma kai ma biyu na: ka zo wohi, yanzu kana da abin badawa, in Allah ya shirye ka."

Zulkiflu ya jujjuya tarwaɗar a hannunsa. Mai bayarwa ta koma mai karɓa, mai karɓa ya koma mai bayarwa, kowa abokin gaminsa shi ne kansa. Makonni yana fama da allo, ga tsohuwar da ba ta san bihim ba ta gama darasin da kifi ɗaya. Daɗi ya kama shi, haushi ma ya kama shi.

"Ai dama abin da nake shirin faɗi ke nan."

"Ƙarya kaka yi." Ta shimfiɗa tafin hannu. "Na ba da, na koma mai amsa. Maido min kihina."

Ya miƙe ya soka shi a jaka. "Wannan yanzu furoton ne, gobe yana da aiki a aji."

"Ɓarawo! Kihi na zuwa makaranta?"

"Ya fi ki sa'a, ke ba ki je ba."

Delu ta tuntsire da dariya har hayaƙi ya sarƙe ta. Ta kwance bakin zane, ta jefa masa dunƙulen kanwar gaba ɗaya, ya cafe.

"Ungo. Ka ci tuwo kamin ka kwanta, tun da ka zo a tsorace kake, kana cewa ban gani ba. In kau matar nan ta sake girgiza kai, kada ka dawo min gida, ka aiko min takardata."