Taguwar da Ba Ta Durƙuso

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren Habu ba, ko da tsufa ya kai ni inda zan riƙa kiran jikokina da sunan awaki. Habu ɗan marigayi yayana ne, a hannuna ya tashi, ni ne ubansa yanzu. Amma kafin in kai ku wurin ɗaurin auren sai na ba ku labarin motata, don ita ce ta ja mini.

Ina da wata tsohuwar a-kori-kura da na saya tun gemuna yana baƙi. Ita ke kai mini taki gonata da ke bayan Nariya, ita ke kwaso dawa da gyaɗa ta kawo Rano. Da rani ba ni da abin cewa a kanta. Da damina kuwa, duk rafin da muka tarar sai ta shimfiɗa cikinta a laka kamar agwagwa ta samu kududdufi. Har ta kai samarin ƙauyukan hanyar nan sun san kukanta. Da sun jiyo mu daga nesa sai su fara naɗe wando, ba sai an kira su ba. Wannan naɗe wandon ya fi kafewar ci mini rai.

Wata rana a teburin mai shayi wani ya nuna mini a waya yadda ake ɗaga irin waɗannan motocin, su yi tsayi, su riƙa hawa dutse suna keta ruwa. Ni da ko allo ban wuce ƙananan surori ba na gudu, boko kuwa ta taga na leƙa shi, nan take na zama injiniya. Ban zame ko'ina ba sai garejin Lawan bakanike.

Lawan ya saurare ni yana goge hannu da tsumma. Ya ce zai yiwu: a ƙara wa sifirin ganye, a sa dunƙulen ƙarfe a ƙarƙashi ya tallafe bodin, a yanke bakin bodin da ke saman taya don manyan tayoyi masu haƙora su samu wurin juyawa. Ya ce taƙi ɗaya ya isa duk rafin da ke tsakanin Rano da Kibiya. Na ce taƙi biyu. Ya ce za ta riƙa layi a kwana. Na ce ai ni ma ina yi, kuma ban faɗi ba tukuna. Da aka gama, ya ɗauko wani guntun ƙarfe ya ce bari ya yi mata waldar mataki a gindin ƙofa. Na hana. Na ce mataki zai riƙa kama dutse, kuma zai ɓata mata kwarjini. (Gaskiyar magana ita ce ta biyun. Dutsen ƙari ne kawai na yi don maganar ta yi kama da ta masu ilimi.)

Ranar da na shigo da ita unguwa, mutane suka fito kallo. Kafin la'asar an raɗa mata suna Taguwa, wato raƙuma. Mai ɗakina, Hajiya Tabawa, ta zagaya ta sau ɗaya, ta ɗaga ƙafa ta ga zani ba zai bari ba, ta mayar da ƙafarta. Ta ce, "Alhaji, ka gina bene ka manta da matakala." Daga ranar duk unguwar da za ta, ɗan sahu take tarewa. Ni kaina ba na son a gan ni ina hawa. Sitiyari nake kamawa in yi lilo in faɗa ciki, gwiwa tana ƙara ina yin tari don in rufe. Daga baya na gano dabara: in faka ta jikin dakalin ƙofar gidana, in taka dakali in shige kamar mutumin kirki.

To, Habu yana sayar wa makiyaya dusa da gishirin shanu, a nan ya ga 'yar Ardo Gide, wani dattijon Bafulatani da ya daɗe da zama a wata ruga can cikin ƙasar Kibiya, yana kiwo yana noma. Yarinya tana so, Ardo ya amince. Wanda bai amince ba shi ne ƙanensa Buba. Shi Buba cewa yake mutanen gari ba su taɓa kallon na ruga ido da ido ba, kullum daga sama suke leƙo su, kuma ranar da aka ba Kaɗo, wato Bahaushe, 'ya, ranar raini zai shigo gida. Yana da masu goya masa baya, suna jira ne kawai a yi abu ɗaya da zai gaskata shi. Ardo ya kafa sharaɗi guda: Malam Isiya ne zai ɗaura auren, don shi ya raɗa wa yarinyar suna.

Malam Isiya shi ne malamin da na gudu daga makarantarsa ina yaro. Yanzu ya tsufa tukuf, ga jiki, ga gwiwoyi sun ƙi, daga zaurensa sai masallacin da ke jikin gidan. Har yau "ɗan nan" yake ce mini, da furfurata da komai. An sa rana tsakiyar marka, rafin da ke gaban rugar ya cika, kowa yana tambayar yadda za a kai Malam. Na gyara zama na ce a bar mini wannan. A raina na ce yau masu dariyar Taguwa za su san abin da na gani a cikinta.

Da hantsi na je gidan Malam cikin sabuwar babbar riga fara, na jera motar jikin dakalin zaurensa. Aka kama hannunsa ya hau dakali, daga dakali ya zauna a kujera, lafiya lau. Na yaba wa kaina ƙwarai da wannan hikima. Abin da ban tambayi kaina ba shi ne ko a ruga ana gina dakali.

A bakin rafi muka tarar da 'yan ɗaurin aure sun jingine babura, wasu sun bar motocinsu, ana ta tattare riguna. Na ce dattawa su hau baya, samari suka tura su sama kamar ana loda buhuna. Na sa giya, Taguwa ta shiga ruwan nan tana huci, ta fita ɗaya gefen ko tari ba ta yi ba. Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na saci kallon Malam ina jiran yabo. Carbinsa kawai yake ja. Ya ce Allah ya sauke mu lafiya, na amsa da amin ɗin da ba ta kai zuci ba.

An shimfiɗa tabarmi a gindin wata ɗorawa, dattawan Fulani sun zazzauna, sanduna a gefe. Maimakon in tsaya nesa, sai da na kai ta gaban tabarmi don kowa ya gani. Na diro, gwiwa ta ce ƙas, na yi tarina. Na zagaya na buɗe wa Malam ƙofa. Malam ya juyo, ya zuro ƙafa ɗaya, ƙafar ta yi ta lalube a iska. Ya leƙa ƙasa, ya dube ni, ya mayar da ƙafarsa ciki.

Ko'ina fili ne shimfiɗaɗɗe, babu dakali, babu kututture, babu ko suri. Da a Rano ne da an yi dariya, an tsokane ni, an wuce wurin. Fulani kuwa ba sa yi wa baƙo dariya a idonsa. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma, kamar ni ne na fito ba wando suna taya ni jin kunya. Shirun nan ya fi bulala zafi.

Mata suka aiko da turmi daga cikin gida. Malam ya ce ba zai sa takalmi a kan abin da ake daka abinci ba. Wani daga cikinmu ya ce to a matso da tabarmi, Malam ya ɗaura daga inda yake. Malam ya ce ba zai zauna a kan dattawa yana leƙo su ba. A nan na ji Buba yana magana, ba da kowa ba, da sandarsa yake yi: ashe dai daga saman za a ɗaura. Ya ɗauki takalminsa, mutum biyu a bayansa suka fara laluben nasu. Na hango Habu can nesa cikin abokansa, ya kama haɓar rigarsa yana murzawa. Ga hadari ya fara haɗowa daga gabas.

Samari majiya ƙarfi suka matso za su sungumo Malam. Ya ɗaga musu hannu, cikin natsuwa ya ce, "Ranar da za a ɗauke ni a hannu tana nan tafe. Ku bar ni in sauka da ƙafata kafin ta zo."

Ban san lokacin da na durƙusa a gindin ƙofar ba, hannu da gwiwa a ƙasa, farar riga a cikin laka. Na ce, "Allah gafarta Malam, taka bayana."

Ya ce, "Tashi, ɗan nan. Kana yaro ma bulala na sa maka, ban taka ka ba."

Duk wannan abin Ardo Gide yana zaune yana kallo. Ya tashi, ya zagaya motar a hankali yana duba ƙafafunta kamar mai tayin saniya a kara. Sai ya yi wa samarinsa magana da Fulatanci, suka ruga suka dawo da fartanyu. Ya ce da ni, a hankali yadda Malam ba zai ji ba, su idan za su loda bijimi a mota a daji ba sa ɗaga bijimin, rami suke haƙa wa tayoyi, motar ta gangara ciki ta sauko wa bijimin. Ya ce in yi haƙuri da misalin. Na ce Ardo, ni ne bijimin, ba Malam ba.

Na tuɓe babbar rigar na rataya a madubi, na karɓi fartanya a hannun wani saurayi. Na yi haƙa ranar kamar ina neman ruwa. Ina haƙa ina tunanin yadda na tsaya a kan Lawan na ce sai taƙi biyu. Na yi ta lissafin rafi da dutse da laka, ban taɓa lissafa mutumin da zai zauna a gefena ba. Hajiya ta faɗa mini, gwiwata ta faɗa mini, na toshe kunne. Can na ɗaga kai sai na ga Buba tsaye a kaina. Ya zura sandarsa a ramin, ya ciro, ya gwada ta da tsayin ƙofar, ya ce a ƙara kaɗan ta nan. Ya ajiye takalmin da ya ɗauka.

Da aka gama na hau (a gaban kowa, da lilon da komai), na gangara da tayoyin gaba cikin ramin. Taguwa ta sunkuyar da kai. Abin da na ɗaga a gareji, shi aka sauke da fartanya, babu ragi babu ƙari. Malam ya zuro ƙafa, ta samu ƙasa. Ardo ya kama hannunsa har kan tabarma. Ni ne wakilin ango, haka na zauna da 'yar ciki duk jar laka, na nema wa Habu aure, Ardo ya bayar, Malam ya ɗaura, aka shafa fatiha aka raba goro.

Da sauran kunya a gaba. Dole Malam ya shiga motar tun tana cikin ramin, in ba haka ba a koma gidan jiya. Ya shiga, yayyafi ya fara, na sa ribas. Manyan tayoyin nan masu haƙora suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna watsa wa surukaina laka. Buba ne ya tafi da kansa ya koro shanun huɗarsa guda biyu, aka ɗaura igiya, suka fisgo mu waje, da ni da Malam da Taguwa. A nan ne ya yi dariya, irin wadda ya daɗe yana riƙewa, har yana dafa sanda. Ya leƙo ta taga ya ce, "Kaɗo, in ka sake zuwa ramin yana nan, ba za mu cike ba." Wanda ya ce ka sake zuwa ai ya karɓe ka.

Mun samu rafin bai ƙaru sosai ba, muka haye. Da muka hango duwatsun Rano, Malam ya waiwayo ni. Ya ce raƙumi ya fi motata tsayi, amma yana durƙusa wa mai hawa. Daga nan ya koma kan carbinsa.

Washegari na kai ta gareji. Lawan ya dube ni, ya dubi motar. Ya shiga ciki ya ɗauko guntun ƙarfen nan, ashe ajiye shi ya yi yana jirana. Ya yi waldar mataki hagu da dama. Hajiya Tabawa ta hau ranar, ta gyara mayafi, ta ce ashe benen yana da daɗin iska.

Yanzu Habu da matarsa har da 'ya'ya. Ramin yana nan a gindin ɗorawa, yaran ruga suna kiransa masaukin Alhaji, kuma duk da ina da mataki, in na je a ciki nake fakawa don kada in ɓata wa Buba labarinsa. Abin da na koya bai da yawa, daidai karatuna: duk abin da za ka ɗaga sama, mota ce ko kanka, fara tambayar yadda na kusa da kai za su sauka. In ba ka tambaya ba, za ka haƙa amsar da fartanya a gaban surukai.