Nomau da Kwalekwalen Kuluwa

A wani ƙauye na bakin kogi, daura da tsohon tsibirin da baƙi ke zuwa kallon rusasshiyar ganuwarsa, akwai wani mutum wai shi Nomau. Shi da matarsa Kuluwa ba su da gona, ba su da akuya, sai kwalekwale ɗaya da ta gada wajen mahaifinta. Da shi suke ci. Ƙarfi kam Nomau yana da shi, amma abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari.

Wata rana Kuluwa ta ce, "Maigida, ka lura, kada ka bari ruwa ya shiga jirgin nan." Da ya je kwata, inda jirage ke tsayawa, sai ga liman zai haye da butarsa. Nomau ya fizge ta, ya tuttular. Ya bi wata tsohuwa ya ƙwace gorar ruwanta.

"Kai, lafiyarka?" in ji liman.

"Allah gafarta Malam, kai ma gumi kake yi. Sauka ka bushe tukuna."

Wata rana Sarkin Jirgi, Baba Arzika, wanda ke raba wa matuƙa wurin ɗaure jirgi, ya ce masa, "Kai baƙin nan tsibiri." Ya kai su, ya juyo abinsa, ya kwanta gindin tsamiya. Sai la'asar aka hango su kan ganuwa suna kaɗa riguna.

"Ina baƙina, ɗan nema?" in ji Baba Arzika.

"Na kai su, Baba. Dawowa ba ka ambata ba."

Baba Arzika ya dafe kai. "Saura ɗaya, Nomau. Ka sake, kai da jirginka kun bar kwatar nan."

Kuluwa ta yi fushi da shi. Amma da ta zuba tuwo, ta tura masa kan kifin.

Wata rana da damina aka ce ambaliyar ruwa na tafe daga saman kogi. Baba Arzika ya tara matuƙa ya ce, "Kowa ya ɗaure jirginsa tamau, kada jirgi ya rabu da turkensa." Kowa ya gajarta igiya, ya ƙulle, ya tafi gida. Nomau ya ɗaure nasa, sai ya ga har yanzu jirgi na ruwa, turke na tudu. Ya tumɓuke turken, ya sa shi cikin jirgi, ya zauna a kai.

Kuluwa ta zo da gudu. "Wayyo Nomau, ka kashe mu! Da me za mu ci?"

Kafin ta rufe baki ruwa ya iso. Jiragen da aka ɗaure, igiya ta riƙe hancinsu ƙasa, suka cika, suka nutse ɗaya bayan ɗaya. Na Nomau kuwa ya taso da ruwa, ya je ya lafe cikin ciyawar gaɓa.

Baba Arzika ya iso, matuƙa na biye da shi suna salati. "Kai, wa ya koya maka wannan dabara?"

"Kai ne, Baba."

Tsoho ya dubi Nomau, ya dubi matuƙa, ya shafa gemu. "To, kun ji. Ai abin da nake nufi ke nan. Duk cikinku shi kaɗai ya fahimta."